Ba Kowane "Ni" ne "I" ba: Ƙorafi a kan Jadawalin Sauƙaƙan Jimloli

Riwayar da ta fi shahara game da sunan unguwar Adabraka a birnin Accra, wanda mutanen zango kan kira Ankara, ita ce daga kalmar "albarka" ya samo asali. An ce a zamanin da fatake Hausawa suke ciniki a wajen, idan mai saye ya yi tayin da bai kai ba, sai mai kaya ya ce masa "albarka", har mutanen Ga suka laƙaba wa wurin wannan suna da irin lafazinsu. Idan aka miƙa wa ɗalibi wannan kalma aka ce ya mayar da ita Turanci, ƙamus zai ba shi "blessing", zai rubuta, malami kuma zai ba shi maki. Amma mai kayan ba addu'a ya yi ba. Abin da ya faɗa cikakkiyar jimla ce ta mai magana a kan kansa: ban sallama ba, ƙara wani abu, kuma ba na son mu rabu da ɓacin rai. Babu wakilin suna a cikinta, babu aikatau, amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san wanda ya ƙi da abin da aka ƙi.

Wannan ita ce matsalar abin da ake kira "sauƙaƙan jimlolin mai magana", wato ƙananan maganganun da mutum kan faɗa game da kansa: sunana wane, ina jin yunwa, na gaji, na gane, na tafi. Da su ake buɗe kowane littafin koyon harshe, kuma kusan kullum a jadawali mai gida biyu ake jera su, baƙon harshe a hagu, Turanci a dama. Masu tsara irin wannan jadawali sun ɗauka cewa tun da jimlolin gajeru ne, to, ma'anarsu ma a fili take. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskuren ya fi cutar da ɗalibin da yake da Hausa a bakinsa, domin yana raba shi da kayan aikin da ya fi na Bature kaifi a wannan fage. Harshen Japananci, duk da nisansa da Hausa, shi ne ma'aunin da ya fi fito da wannan ɓarna fili.

Me ya kawo Japananci zango?

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa Nima da Maamobi da harshen mutanen Tokyo. Alaƙar Accra da Japan tsohuwa ce. A nan ne likitan nan Noguchi Hideyo ya rasu a shekarar 1928 yana binciken cutar shawara, kuma da sunansa aka kafa cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar Ghana a Legon a 1979. Motocin Japan da kayan gyaransu sun cika kasuwar Abossey Okai, ofishin jakadancin Japan kan tallata gurbin karatu na gwamnatinsu, sannan matasa da yawa suna kallon finafinan zane na Japan a waya, da fassarar Turanci a ƙasan hoto. Adabraka kuwa unguwa ce da ta daɗe da sanin darajar harsuna, domin Cibiyar Harsuna ta Ghana, wadda aka kafa a 1961 zamanin Kwame Nkrumah, ta yi shekaru da dama a cikinta.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami saurayi ɗan zango, mai jin Hausa da Twi da Turanci, wataƙila har da Larabcin makarantar allo, yana haddar jimlolin Japananci daga manhajar waya ko daga littattafai irin su Minna no Nihongo na 1998 da Genki na 1999. Duk bayanin da zai samu da Turanci aka yi shi. Harshen da ya tashi da shi a tsakar gida ba ya shiga lissafi ko kaɗan, kamar yadda bai shiga jerin harsuna goma sha ɗaya da gwamnatin Ghana take ɗaukar nauyin koyarwa da wallafawa ba, duk da cewa gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa labarai da shi. Yaron da aka nuna wa tun yana ƙarami cewa Hausa harshen kasuwa ne da tasha, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa ita ce za ta buɗe masa nahawun Japananci ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Watashi da 'yan'uwansa

Layin farko na jadawalin kusan kullum shi ne: "watashi" daidai yake da "I". Daga nan ɗalibi zai fara manna "watashi wa" a goshin kowace jimla, tun da Turanci ba ya yarda a yi jimla babu mai aikatawa a bayyane. Japanawa kuwa ba haka suke magana ba. Mutum yakan yi dogon bayani game da kansa bai ambaci wakilin suna ko sau ɗaya ba, sai fa inda yake son bambanta kansa da wani. Ɗalibin da Turanci kaɗai ya sani sai an yi masa doguwar lacca kafin ya gane aibin wannan maimaici. Bahaushe kuwa misali ɗaya ya ishe shi. A ce masa ya saurari mutumin da ke cewa: ni na tashi da asuba, ni na yi alwala, ni na tafi masallaci, ni na dawo gida. Nan take zai ce wannan ko dai yana musu da wani ne, ko kuwa ji-da-kai ya yi masa yawa. Hausa tana da "na" mai tafiya da aikatau ba tare da ta jawo hankali ba, tana kuma da "ni" mai tsayuwa da ƙafarta, wadda ba a fito da ita sai da dalili. "Watashi" ya fi kusa da "ni". Turancin rubutu ya haɗe su biyun a harafi guda.

Bayan haka, "watashi" ɗaya ne daga cikin jerin kalmomi. Akwai "watakushi" na taro da gaban manya, akwai "boku" da maza kan yi amfani da shi cikin tawali'u ko sabo, akwai "ore" na maza tsakanin abokai wanda ke iya zama rashin ladabi a ofis, akwai "atashi" da aka fi ji a bakin mata, akwai "washi" da ake dangantawa da tsofaffi. Duk waɗannan jadawali "I" yake ba su. Shahararren littafin Natsume Soseki na 1905, wanda kyanwa ce ke ba da labarinsa, ya ɗora dariyarsa a kan kalmar "wagahai", wakilin suna na masu ɗaukar kansu da girma, ga shi kuwa a bakin dabbar da ko suna ba ta da shi. Sunan littafin a Turanci, I Am a Cat, daidai ne ta fuskar nahawu, amma abin dariyar ya zube a hanya. Mai fassara zuwa Hausa yana da mafita, domin ya san "mu" ɗin da sarki kan kira kansa da shi a fada, ya kuma san yadda za a ji idan kyanwar gida ta are shi.

Masanin harshe Suzuki Takao ya nuna a littafinsa na 1973 cewa a cikin gida Bajapane kan kira kansa da matsayinsa a wurin ƙaramin da yake magana da shi: uba ya ce "baba", malamin firamare ya ce "malam". Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ji uwa a Maamobi tana ce wa ɗanta "zo wurin Mama", ko bafade yana cewa "bawanka ya ji". Hasali ma Hausa tana da hanyar da mai magana zai ɓoye kansa gaba ɗaya. "Na gode", "mun gode" da "an gode" ba abu ɗaya ba ne. Na farko godiyar mutum ce shi kaɗai. Na biyu yana jawo gida ko jama'a cikin godiyar, ko da mutum ɗaya ne a tsaye. Na uku yana janye mai magana baya, wani lokaci don kunya da girmamawa, wani lokaci kuma, idan murya ta sauya, don nuna cewa kyautar ba ta kai ba. Ɗalibin Hausa da ya rubuta "thank you" a gaban ukun ya rufe littafi, bai koyi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wanda ya zama kifi

Akwai jimlar da malaman nahawun Japan suka daɗe suna muhawara a kanta, har Okutsu Keiichiro ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1978: "boku wa unagi da". Unagi wani kifi ne dogo mai kama da maciji da ake gasawa. Idan aka bi ƙa'idar jadawali, wadda ta ce "wa ... da" daidai yake da "am", to, mutumin ya ce shi kifi ne. Alhali yana zaune ne a gidan abinci da abokansa, kowa yana faɗar abin da za a kawo masa. A tsaya da safe a gaban mai koko a Nima a saurara. Wani zai ce: Hajiya, ni dai koko da ƙosai, shi kuwa wake da shinkafa. Babu wanda zai zaci saurayin ya rikiɗa ya zama koko. Ya ɗauko kansa ya ajiye a farkon magana a matsayin wanda zance ya shafa, sannan ya faɗi abin da ya shafe shi. Aikin "wa" ke nan a Japananci, kuma shi ne aikin da "dai", "kam", "fa" da "kuwa" suke taimakawa a yi a Hausa.

Mikami Akira, wanda malamin lissafi ne kafin ya shahara a nahawu, ya yi wannan faɗa tun a 1960. Ya ce a daina tilasta wa Japananci rigar nahawun Turai, ya kafa hujja da jimlar da Hausa za ta ce "giwa kam, hancinta dogo ne". Bature sai ya sake ginin jimlar kafin ta zauna masa. Bahaushe kuwa kullum haka yake magana: Audu dai, motarsa ta lalace; ni kam, kaina na ciwo.

Daga nan bambancin da ya fi wahalar da masu koyon Japananci ta hanyar Turanci, wato na "wa" da "ga", sai ya zo da sauƙi. "Watashi wa ikimasu" na nufin ni dai zan tafi, ko me saura za su yi. "Watashi ga ikimasu" na nufin ni ne zan tafi, ba wani ba. "Watashi mo ikimasu" na nufin ni ma zan tafi. Na farko da na biyu jadawali "I will go" yake ba su duka, domin Turanci da ƙarfin murya yake rarrabe su, murya kuwa ba ta hawa takarda. Hausa ta rarrabe su da kalmomi, har ma takan sauya siffar lokaci idan an ƙarfafa wani sashe: "na zo" amma "ni ne na zo", "ina zuwa" amma "ni nake zuwa", "sun zo" amma "su ne suka zo".

Gajiyar da ta wuce, ga ta kuwa a jiki

Bajapane da ya dawo daga aiki yakan ce "tsukareta". Idan an yi masa bayani ya fahimta, yakan ce "wakarimashita". Duka biyun suna ɗauke da ɗafin da littattafai ke kira na shuɗaɗɗen lokaci, amma Turancinsu "I am tired" ne da "I understand". Ɗalibi yakan ruɗe, malami kuma ya ce masa ya haddace kawai, haka harshen yake. To ai Hausa "na gaji" take cewa, da "na gane", da "na ƙoshi", da "na yarda", da "na sani". Gajiya ta riga ta shiga, ganewa ta riga ta auku, abin da ake ciki yanzu sakamakonsu ne. Shi ya sa masana irin su Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, suka zaɓa wa wannan siffa sunan da ke nuna kammaluwar aiki maimakon wucewar lokaci. Wanda ya haddace cewa "na" alamar abin da ya wuce ne, saboda ya ga "na tafi" a gaban "I went", zai rasa abin cewa ranar da baƙo ya miƙe tsaye, yana cikin ɗaki bai ko sa takalmi ba, ya ce: to, na tafi.

Haka abin yake a zancen jiki. "Onaka ga suita" kalma da kalma na nufin ciki ya zama wayam. "Nodo ga kawaita" na nufin maƙogwaro ya bushe. "Atama ga itai" na nufin kai yana ciwo. Babu "ni" a cikin ko ɗaya, domin sanin kowa ne mutum cikinsa yake ji, ba na maƙwabci ba. Har ma siffofin da ke bayyana abin da ke cikin zuciya, irin su "ureshii" na farin ciki da "hoshii" na so, a jimla ta kai tsaye mai magana suke nufi, kuma idan wani ake nufi sai an ƙara abin da zai nuna cewa alama aka gani ko labari aka ji. Turanci ya mai da mutum mai mallakar ciwonsa da yunwarsa, ya ɗora shi a kan jimla. Hausa takan mai da shi wanda abu ya afka wa: yunwa ta kama ni, barci ya ɗauke ni, zazzaɓi ya rufe ni, raina ya ɓaci, hankalina ya tashi. Japanawa suna cewa "ame ni furareta", wato an yi ruwa kuma ni abin ya shafa, ginin da littattafan Turanci kan ware wa babi na musamman. Ɗan zango da damina ta rutsa da shi a hanyar Circle "ruwa ya dake ni" zai ce, ya wuce.

Zuwa da dawowa

Duk wanda zai fita daga gida a Japan yakan ce "ittekimasu", waɗanda ke gida su amsa "itterasshai". Jadawali yakan ba da "goodbye" ko "I'm leaving". Kalmar kuwa aikatau biyu ne a haɗe, tafiya da zuwa: zan je in dawo. Amsarta kuma: je ka ka dawo. Wannan shi ne "sai na dawo" da "a dawo lafiya". Turancin titin Accra ma ya san da wannan, domin mutum kan ce "I'm coming" alhali ya juya baya yana tafiya, kamar yadda Bahaushe kan ce "ina zuwa". Malaman makaranta sun daɗe suna jan kunnen yara a kan wannan a matsayin gurɓataccen Turanci, ba tare da sun gaya musu cewa tunanin da ke ƙarƙashinsa lafiyayye ne, har wata babbar al'umma ta gina gaisuwarta ta kullum a kansa ba.

Tsarin ajin aikatau na Hausa da F. W. Parsons ya fitar a 1960 ya ware aji na shida ga aikatau masu ƙarewa da "o", waɗanda ke nuna cewa aiki ya nufo wajen mai magana: saya da sayo, aika da aiko, fita da fito, kai da kawo. Japananci yana yin wannan aiki da aikatau na zuwa da na tafiya. "Katte kimashita" shi ne na sayo. "Motte ikimasu" zan kai, "motte kimasu" zan kawo. Yana kuma da aikatau biyu na bayarwa, "ageru" idan kyauta ta fita daga wajen mai magana, "kureru" idan ta nufo shi, ta yadda "haha ga kureta" ya wadatar a gane cewa ni mahaifiyata ta ba. Mai magana yana cikin jimlar, a jikin aikatau yake zaune. "I bought it" ba ta nuna ko an dawo da abin gida ko an baro shi a kanti.

Hujjojin masu jadawali

Masu kare jadawali suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Hujjarsu ta farko ita ce "I am hungry" fassara ce ingantacciya ta "onaka ga suita", domin abin da Bature zai faɗa ke nan a wannan hali. Wannan gaskiya ne, kuma tafintan da ya ce wa Bature ciki ya zama wayam bai iya aikinsa ba. Laifin yana wajen sayar wa ɗalibi fassara da sunan bayanin nahawu. Fassara tana amsa tambayar me za a ce a can. Mai koyon harshe kuwa yana bukatar ya san yadda aka gina maganar a nan, domin gobe ya gina wata da kansa. Wanda aka ba fassara kaɗai zai iya maimaita jimla ɗari, ya kasa ƙirƙirar ta ɗari da ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce Turanci ne harshen makaranta da jarrabawa a Ghana, littattafan da ke hannu da shi aka rubuta su, kuma aji guda a Accra kan haɗa masu harsuna biyar ko shida. Wannan ma gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai ce a jefar da Turanci. Amma kasancewar littafi da Turanci bai hana ɗalibi buɗe gida na uku a littafin rubutunsa ba, bai kuma hana malami tambayar aji yadda ake faɗar abu a gidajensu ba. Minti biyu wannan zai ci. Abin da ke hanawa shi ne raini, wato ɗaukar cewa harshen da ba a jarrabawa da shi ba shi da nahawun da za a kafa hujja da shi.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi: kwatanta Hausa da Japananci na iya jefa ɗalibi cikin wani sabon ruɗi. Haka ne, kama da wane ba ta wane. Harsunan biyu ba su da dangantakar asali. Hausa daga iyalin Chadi take cikin babban gidan Afro-Asiya, kuma kamar da ke tsakanin "mo" da "ma" katari ne kawai. Japananci yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, Hausa a tsakiya. Japananci yana iya barin jimla babu wata alamar mai aikatawa, Hausa kuwa ba ta sakin "na" ko "ina" ko "zan" a gaban aikatau. Idan uwa ta kira ɗanta, Bajapane "ima iku" zai ce, wato yanzu zan tafi, inda Bahaushe zai ce "ga ni nan zuwa", ya yi daidai da Bature. Sai dai wannan hujja a kan masu jadawali take komawa. Idan haɗari ne a ɗauka Hausa da Japananci abu ɗaya ne, to, haɗarin ɗaukar Turanci da Japananci abu ɗaya ya fi girma, kuma shi jadawali yake koyarwa tun daga layin farko. Mai auna abu da harsuna biyu yana ganin inda suka saɓa, sai ya yi hattara. Mai aunawa da ɗaya ba ya ma sanin akwai saɓani.

Abin da Hausa take asara

Da a ce ɓarnar ta tsaya ga masu koyon Japananci, da sai a ce su kaɗan ne. Amma ɗabi'ar ɗaukar jimlar Turanci a matsayin ainihin ma'ana ta riga ta dawo ta shiga Hausar kanta. Ana jin ta a rediyo da wajen taro, ana karanta ta a intanet. Mai jawabi ya miƙe ya ce yana so ya yi amfani da wannan dama ya gode wa jama'a, maimakon ya gode musu. Wani ya ce zai so ya ce wani abu, kamar akwai mai riƙe da bakinsa. Ana rubuta "ni ina mai farin ciki" inda "na ji daɗi" ta isa, ana cusa "ni" a inda babu musu babu kwatanci, don kawai an ga "I" a takardar da ake fassarawa. Manhajojin fassara na kwamfuta, waɗanda galibi da Turanci aka fi ciyar da su, suna ƙara yaɗa irin wannan Hausa, ɗalibai kuma suna kwafa suna zaton ita ce ta masu ilimi. Hausar zangon Accra tana da nata sauye-sauyen da masana suka lura da su, kamar raguwar bambancin jinsin namiji da tamace, kuma wannan tafiyar harshe ce a bakin masu shi. Hausar da aka zuba a kwamin Turanci daban take, domin babu unguwar da ake magana da ita.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi ko izinin hukuma. Duk jimlar mai magana da ɗalibi ya ci karo da ita, ta Japananci ce ko ta Larabci ko ta Faransanci, ya ba ta layi huɗu. A na farko ya rubuta ta yadda take. A na biyu ya warware ta kalma da kalma da Hausa, komai munin abin da zai fito. A na uku ya rubuta abin da Bahaushe zai faɗa a daidai wannan hali, tare da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa: ɗa ga uwa, ma'aikaci ga maigida, aboki ga aboki. Turanci ya zo a layi na huɗu. Wanda kuma Hausa ce yake koyo, ya ɗauki littafin rubutu ya shiga kasuwar Nima ko ta Adabraka, ya zauna kusa da mai sayar da hatsi na awa guda, ya rubuta maganganu ashirin da mutane suka yi game da kansu. Sannan ya ƙirga nawa ne a ciki aka fito da "ni", nawa aka wadatu da "na" ko "ina", nawa aka fake da "an" ko "mun", nawa kuma aka faɗa da kalma guda irin "albarka", "madalla" ko "tuba". Ga kowace ɗaya ya nemi dalilin da ya sa mai maganar ya zaɓi wannan siffa a gaban wannan mutum, kafin ya buɗe ƙamus.